Mashigi da Hubbare: Tarihin Ziyara a Nguru da Gashuwa

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya ba zai rasa tuna hoton nan ba: ɗakin bauta mai doguwar hasumiya a bakin ruwa, matakala ta gangara har cikin kogi ko teku, jama'a kuma sun yi cincirindo suna wanka kafin su shiga. A garin Puri, wanda ke gaɓar tekun gabashin Indiya cikin jihar Odisha, akwai ɗakin bautar Jagannat da aka gina tun ƙarni na 12, kuma har yau baƙon da ya je garin abu biyu yake haɗawa, ɗakin bautar da rairayin bakin teku. Mabiya addinin Hindu suna kiran irin wannan wuri tirta, kalmar da asalin ma'anarta a harshen Sanskirit ita ce mashigi, wato inda ruwa ya yi sauƙi har mutum da dabba za su iya ƙetarewa. Tsakanin aƙidarsu da tamu akwai nisan sama da ƙasa, kuma kwatanta addinai ba shi ne aikin wannan maƙala ba. Kalmar ce ta ja hankalina. Waɗanda suka kira wurin ziyara da sunan mashigi sun lura da abin da tarihin ƙasarmu ma yake gaskatawa, wato taron baƙi ba ya ɗorewa sai inda ruwa ya ciyar da mai masauki, hanya kuma ta kawo baƙon.

A arewacin Jihar Yobe babu teku, amma akwai bakin ruwa, kuma akwai wuraren da mutane kan ɗaura aniya su taso daga nesa domin su ziyarta. Garuruwa biyu ne ƙofofin wannan yanki, Nguru daga yamma, Gashuwa daga gabas. Kafin a fahimci abin da yake kawo baƙi cikinsu, dole mai karatu ya fara sanin yadda ruwan yake tafiya.

Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauci da Katagum. Da kogunan biyu suka shigo ƙasar da ke gabas da Haɗeja sai su tarar da tsofaffin tuddan yashi a jere, waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta taɓa kaiwa nan. Tuddan sukan tsaga ruwan gida-gida, ya bazu cikin kwaruruka da tafkuna da fadamu. Wani reshe mai suna Marma ya yi arewa ya zuba a tafkin Nguru, sauran kuma su sake tattaruwa kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda yake bi ta Gaidam da Damasak har Tafkin Cadi. Saboda haka a ƙasar da damina ba ta wuce 'yan watanni, Allah ya ajiye ruwan da ya sauka a can kudu da yamma, yana isowa a makare, ya kwanta, sa'an nan ya janye a hankali cikin rani. Idan ya zo a shuka shinkafa. Idan ya fara janyewa a bi sawunsa da wake da sauran amfanin rani, masunta su kama karfasa da tarwaɗa da bargi, Fulani su gangaro da shanu kan ɗanyar ciyawa, mata kuma su yanko kaba domin tabarmi da faifai.

Zaman mutane da wannan ruwa daɗaɗɗe ne ƙwarai. A shekarar 1987 wani Bafillatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, kudu da wannan yanki kusa da Komadugu Gana, ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Da masana daga jami'o'in Maiduguri da Farankafot ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita takwas da ɗoriya, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara dubu takwas. Shi ne mafi tsufa da aka taɓa samu a nahiyar Afirka. Wanda ya sassaƙa shi ya riga dukkan daulolin da za mu ambata da dubban shekaru, kuma abin da ya dame shi bai wuce yadda zai ƙetare ba.

Galadima da Badawa

Nguru ta shiga littattafan tarihi ne a matsayin garin iyaka. Tun ƙarni na 17 nan ne mazaunin Galadiman Barno, babban basaraken da aka ɗora wa tsaron yammacin daular da lura da hanyar da ta nufi ƙasar Hausa. Daga Barno ne ma Hausawa suka ari wannan sarauta, abin da ya sa yau da wuya a sami masarautar da ba ta da Galadima. Manyan mazauna ƙasar Mangawa ne, wani reshe na Barebari. Da guguwar jihadi ta taso a farkon ƙarni na 19, Fulanin wannan yanki suka karya Galadima suka ci garinsa, kuma ba a jima ba, a 1808, Birnin Gazargamu kansa ya faɗi. Kufan birnin yana nan kusa da Gaidam, ɗaliban tarihi kan je su ga ragowar ganuwa da jan bulo, su dawo.

Gabas da Nguru kuwa ƙasar Badawa ce, mutanen da harshensu ɗan'uwan Hausa ne cikin dangin harsunan Cadi, tare da na Ngizim. Su ruwan ma ya zame musu garkuwa. Wajen shekarar 1825 Lawan Babuje ya haɗa kan ƙauyukan Bade, ya gina gari mai ganuwa a Gogaram, ya daina kai gaisuwar da ake karɓa daga hannunsu. Ɗansa Mai Alhaji ya yi mulki kimanin shekara hamsin yana kare garin daga hare-haren Haɗeja ta wannan gefe da na Barno ta wancan. Dokin yaƙi ba ya son taɓo, kuma rundunar da ba ta san mashigi ba takan sha wuya kafin ta ga ƙofar gari. Sai da mayaƙan Rabe suka zo da bindigogi a ƙarshen ƙarnin sa'an nan Gogaram ta faɗi. Turawa sun tabbatar da Mai Sale a kan sarautar Bade, daga baya kuma, a 1946, aka mayar da fadar zuwa Gashuwa, wadda ta fi kusa da hanyar mota da kasuwa. Gogaram ta rasa fada amma ba ta rasa martaba ba, kamar yadda za mu gani.

Ƙarshen layin dogo

Abin da ya sauya Nguru gaba ɗaya shi ne jirgin ƙasa. A 1930 layin dogo da ya taso daga Kano ya bi ta Ringim ya iso Nguru, tafiyar mil 143, kuma a nan ya tsaya. Turawa ba domin jin daɗin matafiya suka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa suke so, da ƙiraga, da ƙaro, da shanu. Amma gari idan ya zama ƙarshen layi, duk abin da zai shiga jirgi daga Barno da kudancin Nijar sai ya kwana cikinsa, duk abin da ya sauka daga jirgi kuma daga nan zai hau raƙumi ko jaki ko mota. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, Kwarori da Yarabawa da Inyamurai suka zo, Hausawan Kano suka cika unguwanni, mahauta suka riƙa busar da nama suna aikawa kudu. Cikin shekaru kaɗan garin Mangawa ya zama garin kowa, Hausa kuma ta zama harshen kasuwarsa.

Inda fatake suka taru, malamai ma sukan taru, domin almajiri yana buƙatar gari mai abinci, malami kuma yana buƙatar hanyar da littafi zai iso gare shi. A wannan zamani ne Nguru ta sami mutumin da ya sa sunanta cikin bakin waɗanda ba su taɓa sayar da ko buhu ɗaya na gyaɗa ba.

Shehu Muhammadu Gibrima, wanda ake yi wa laƙabi da Addagiri saboda asalinsa na Dagirawa, an haife shi a 1902, ya rasu a 1975. Yana cikin manyan malaman ɗariƙar Tijjaniyya na Nijeriya da suka miƙa wuya ga Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ta ƙasar Sanagal. Labarin zuwan wannan tafiya, wadda mabiyanta ke kira Faila, sananne ne: Shehu Ibrahim ya sadu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a wajen aikin Hajji a 1937, daga baya ya zo Kano, malamai irin su Malam Tijjani Usman na Zangon Barebari da Shehu Atiku Sanka da Shehu Sani Kafinga suka karɓe shi. Galibin waɗannan taurari mazauna birnin Kano ne. Shehu Gibrima kuwa yana can ƙarshen layi, kuma a ganina wannan nisa bai rage shi da komai ba, hasali ma shi ya ba zawiyarsa kamanninta. Mai son ganin malamin birni zai iya leƙawa bayan ya tashi daga kasuwa. Mai son ganin Shehu Gibrima sai ya yanki tikiti, ya yi guzuri, ya yini cikin tarago. Tafiyar kanta ta zama wani yanki na ladabin neman.

An san shi da ilmin asirai da yawan rubuce-rubuce cikin Larabci, musamman littattafan salatin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Biyu daga cikinsu, Jihazus Sarihi da Nata'ijus Safar, sun bazu a hannun 'yan ɗariƙa, ana samunsu a wajen masu sayar da littattafai a Kurmi da ƙofofin masallatai. Ba shi kaɗai ne malamin garin ba, domin Shehu Usman Alfallati ma a Nguru ya zauna ya tara ɗalibai masu yawa. Shehu Gibrima ya rasu a shekara guda da shehinsa Ibrahim Inyas, abin da mabiyansu ba sa mantawa da ambata. Bayan rasuwarsa ziyarar ta koma kan zawiyarsa da kabarinsa da zuriyarsa, musamman a lokacin Mauludi, inda baƙi kan zo daga sassan Nijeriya da Nijar da Cadi. Ga ɗan Tijjaniyya na wannan ƙasa, hanyar ziyara tana da zango-zango: akwai Fas ta Maroko inda Shehu Ahmadu Tijjani yake kwance tun 1815, akwai Kaulaha, akwai Kano, akwai kuma Nguru ga wanda guzurinsa bai kai na jirgin sama ba.

Wanda bai taɓa ganin irin wannan taro ba zai ɗauka zikiri ne kawai da waƙoƙin bege. Akwai su, amma a bayan kowace da'irar zikiri akwai tukwane a kan murhu. Baƙo ba ya biyan kuɗin masauki, zaure da soro da barandar maƙwabta duk nasa ne. Mai shinkafa ya kawo buhu, mai shanu ya kawo sa, masunci ya kawo banda. Mai sayar da tasbaha da turare da hotunan shehunnai ya baza kayansa, direba ya yi lodi sau biyu a yini. Karamcin da ake yabon garin da shi daga fadama yake fitowa, ko da kuwa masu yabon ba su taɓa taka ta ba.

Wannan al'ada ba ta tafi babu gardama ba. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, tambayar halaccin tafiya zuwa kabarin waliyyi ta raba masallatai, ta raba 'yan gida ɗaya a garuruwan arewa, Nguru da Gashuwa ba su tsira ba. Masu hani suna kafa hujja da hadisin da ya keɓe ɗaura sirdin tafiyar ibada ga masallatai uku, suna kuma tsoron kada neman albarka ya zarce zuwa roƙon wanin Allah. Masu yi suna kafa tasu da izinin da aka bayar na ziyarar maƙabarta, suna cewa addu'a suke yi wa malaminsu, kuma Allah suke roƙo. Hukunci na malamai ne. Abin da mai nazarin tarihi zai iya faɗa shi ne gardamar ta sa kowane ɓangare ya gina makarantu ya buga littattafai domin kare matsayinsa, kuma garin ya ƙaru da wannan, duk da zumuncin da ya yi rauni a wasu gidaje.

Masu zuwa domin ruwan kansa

A ƙasar Bade ziyarar wani launi gare ta. Kowace shekara idan ruwa ya janye ya bar kifi a tattare cikin gurabe, akan hana kamu a wani keɓaɓɓen wuri har sai ranar da sarki ya ba da izini. Daga wannan doka ta gargajiya bikin kamun kifi na Bade ya samo asali, wanda ake yi a Gogaram, tsohon birnin Lawan Babuje. Mai Bade yakan taso daga Gashuwa da hakimansa ya koma garin kakanninsa, masunta su jeru a gaɓa da goruna da homa, a ba da alama su auka ruwa gaba ɗaya. Akwai tseren kwalekwale da ninƙaya da kaɗe-kaɗe. Mutane kan kwatanta shi da na Argungu, kuma kwatancin bai yi masa adalci sosai ba, domin abin da ya fi ƙayatarwa a Gogaram shi ne ganin masarauta ta koma inda ta fito, ta zauna yini guda a gindin ganuwar da ta cece ta. Hikimar da ke cikin dokar ma abar lura ce. Hana kamu na wasu watanni shi ne yake ba kifi damar girma, kuma tun kafin a kafa ma'aikatar kula da kamun kifi sarkin ruwa ya san haka. Bikin ya yi shekaru a kwance, sa'an nan aka farfaɗo da shi a 2020.

Akwai kuma baƙin da ba su san iyakar ƙasa ba. Idan sanyi ya tsananta a Turai, dubban agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen gaɓa sukan ƙetare Bahar Rum da Sahara, kuma ruwa na farko mai faɗi da wasunsu ke tararwa shi ne wannan. Sukan sauka su tarar da 'yan gida, kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da belbela. Tafkin Dagona, wanda ke tsakanin Nguru da Gashuwa, shi ne ya fi suna wajen wannan taro. A sawun tsuntsayen ne Turawa masu madubin hangen nesa suka biyo. A 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru da taimakon ƙungiyoyin ƙasashen waje, a 1989 kuma Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da kansa a matsayinsa na shugaban wata babbar ƙungiyar kare namun daji ta duniya. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, aka sa wurin cikin Gandun Daji na Ƙasa na Tafkin Cadi. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka rubuta cikin yarjejeniyar Ramsar ta kiyaye dausayi. Manomin da jan-baki ya cinye wa shinkafa yana da dalilin yin mamakin mutumin da zai taso daga Landan domin ƙirga tsuntsu. Sai dai ƙirgar tana da amfani gare shi, domin yawan tsuntsun ma'auni ne na yawan ruwan, kuma rahotannin masu ƙirgar suna cikin abin da ya fara sanar da duniya cewa fadamar tana ƙanƙancewa.

Ruwan da aka tare

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma ta Calawa. An gina su domin birnin Kano ya sha, kuma a yi noman rani a Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja, kuma babu mai musun cewa sun yi wannan aiki. Amma ruwan da aka tare a sama shi ne wanda da yake malalowa ƙasa. Farin 1973 da na 1984 suka haɗu da madatsun, faɗin ƙasar da ambaliya ke rufewa ya ragu ƙwarai. A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier da William Adams, suka auna abin da fadamar ke samarwa na noma da kifi da itace, suka gano cewa kowace mudu ta ruwa ta fi kawo amfani idan an bar ta ta iso fadama a kan idan an tsare ta a gonakin ban-ruwa na sama. Wannan bincike yana cikin hujjojin da mutanen Yobe da Barno suka riƙe wajen adawa da madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin ginawa a kan kogin Jama'are, wanda shi ne ya rage yana gudu yadda Allah ya halicce shi.

Ɓarnar da ta fi ba da mamaki ba ta ƙarancin ruwa ba ce. Da can kogin Haɗeja yakan cika da damina ya ƙafe da rani, kuma ƙafewar tana kashe ciyawar da ba a so. Da madatsu suka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kacalla ta sami abin da take nema. Wannan doguwar ciyawa ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka, ta zama maɓoyar jan-baki da sauro. Ruwan da ya kamata ya wuce Gashuwa ya karkata zuwa Marma da tafkin Nguru, sai ga wani abin al'ajabi: ƙauyukan wajen Nguru gonakinsu sun nutse shekara da shekaru, na gabas kuma suna kallon busasshen kwari. Masunci ya rasa inda zai jefa birgi, kwalekwale ya rasa hanya. A 2006 gwamnonin jihohi shida da kogin ya shafa, wato Filato da Bauci da Kano da Jigawa da Yobe da Barno, suka yi taro a Damaturu suka kafa asusun kula da kwarin, aka yi ta yashe hanyoyin ruwa, jama'ar ƙauyuka ma suka riƙa fita gayya da lauje. Kacalla kuwa idan an sare ta a bana, baɗi tana nan. A 2022 kuma ambaliya mai tsanani ta ci gidaje da gonaki a Gashuwa da kewayenta.

Hanyar ma ta sauya. Tun da layin dogo ya isa Maiduguri ta Bauci da Gwambe a 1964, kayan Barno suka daina biyowa ta Nguru, sa'an nan cinikin gyaɗa ya mutu, manyan motoci suka ƙwace abin da ya rage. Rikicin Boko Haram, wanda ya kai ga sa dokar ta-ɓaci a Yobe a 2013, ya kori baƙin ƙasashen waje daga Dagona, ko da yake tsuntsayen ba su fasa zuwa ba. Masu ziyarar Shehu sun koma motocin haya ta hanyar Haɗeja ko ta Gumel, ɗaliban jami'ar tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013 kuma su ne sababbin baƙin da kan tsaya a kan gada da yamma suna kallon masu wanki da masu jan koma. Ranar bikin Gogaram kuwa har yanzu Mai Bade ne yake sa ta, amma kafin ya sa sai an duba ko ruwa ya janye yadda ya kamata.